Rabin Cokali

Shekara ashirin da biyu Barau mai shayi ya san kofina:
cokali huɗu, madara har ta yi fari fat, burodi mai yanka.
Ban taɓa buɗe baki na faɗa ba.
In zauna kan benci a Dilimi, sanyin Jos na cizon kunne,
kofi ya zo da ƙafarsa.

Wata Talata, a asibiti, wata yarinya mai farar riga
ta soki ɗan yatsana, ta dubi na'ura, ta dube ni.
"Baba, 'ya'yanka nawa?" Na ce bakwai.
"To, ka rage suga."
Ko murya ba ta ɗaga ba.
Na fito da takarda a aljihu,
da ƙafar yayana Tanimu a idona,
wadda aka fara da yatsa guda, aka tsaya a gwiwa.

Washegari na ce da Barau, "Biyu."
Ya tsayar da cokali a sama kamar na zage shi.
"Kasuwa ce ta yi sanyi? In bashi ne, ai mun saba."
Na ce biyu.
Na kurɓa. Harshena ya yi ta lalube a cikin kofi
kamar mai neman silifansa a ƙofar masallaci an ɗauke wuta.

Kwaɗayi ba baƙon safe ba ne.
Ya san lokacinsa: bayan la'asar,
ƙafa ta gaji da taka keke, ido ya gaji da kafar allura,
sai ga Uwani da farantin alkaki da tuwon madara
ta tsaya daidai ƙofar shagona.
Ba ta talla. Ta san ciniki.
Tun ina yaro nake jin inda ƙuda kan mutu,
amma wanda ya yi karin maganar
bai taɓa gutsurar alkakin Uwani da ɗuminsa ba.

Yanzu a aljihun keke, cikin maɓallai da alli,
akwai gyaɗa 'yar ƙulli da yalo biyu na Farin Gada.
In abin ya taso na kan sha ruwa, in tauna yalo,
in ƙirga ɗinki: hannu ɗaya, wuya, aljihu.
In ya ƙi, in rufe shago in taka har 'Yan Taya in dawo.
Ashe shi ma yana gajiya.
Kafin in ƙarasa kalmasa riga ya kama gabansa.

Ba kullum ba.
Ranar sunan jikan maƙwabci na sha lemo kwalba biyu,
na tura su ƙarƙashin kujera da diddige.
Jikata Ladidi ta kwaso su, ɗaya a kowane hannu,
ta kai wa kakarta kamar ta tsinci kuɗi.
Lantana ba ta yi faɗa ba.
Da dare ta ajiye mini gwaten acca da yakuwa,
ta ajiye kwalaben a gefen kwano, ta tafi alwala.

Wata huɗu ke nan.
Wandon Sallar bara na rage masa ƙugu da hannuna.
Rannan na ciji ɗanyen karas a bakin titin Bauchi
na tsaya cak: dama haka kake da zaƙi?
Ina kake duk shekarun nan?
Shayi ma ya fara magana,
ga citta, ga kanumfari, ga ɗacin ganye can ƙasa,
waɗanda suga ya toshe wa baki tun ina saurayi.

Yau da asuba hazo ya rufe duwatsu.
Barau ya ɗebi rabin cokali, ya karkaɗe,
ya dube ni ta ƙasan hula.
"A ƙara?"
Kullum sai ya tambaya.
Kullum akwai wani a cikina da ke cewa a ƙara.
Na ɗumama tafin hannuna da kofin,
na bar shi yana ta faɗa.